Abin da Dodannin Teku na Roba Ke Koya wa Masu Tara Su

A Turai da Amurka da Japan akwai manyan mutane, ciki har da malaman jami'a, waɗanda ke kashe kuɗi da lokaci wajen tara ƙananan siffofin dabbobin tekun da suka ƙare tun miliyoyin shekaru: na roba, na ƙarfe, na tangaran, har da kan sarki da kwabbai masu ɗauke da hotonsu. Wanda ya ga irin wannan tari a kan kanta zai iya cewa yarinta ce ta ƙi sakin mai shi. Amma idan aka jera siffofin bisa shekarar da aka ƙera kowace, sai a ga tarihin yadda ilimi ke gyara kansa, domin kowace siffa tana nuna iyakar abin da masana suka sani a lokacinta, da kuskuren da ba su kai ga ganowa ba.

Dabbobin da ake magana a kansu ba dinoso ba ne, ko da yake sun yi zamani ɗaya. Dangin masu jan ciki ne da suka koma rayuwar ruwa, kuma numfashin iska suke yi. Uku ne suka fi shahara. Iktiyoso mai kama da kifi ne, yana da dogon baki da manyan idanu, ya kuma ɓace kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce. Filesiyoso yana da fikafikan iyo huɗu, wasu nau'o'insa da dogon wuya. Mosaso kuwa ɗan uwan damo da guza ne, wanda wasu nau'o'insa kan wuce mita goma. Shi da filesiyoso sun ƙare tare da dinoso kimanin shekara miliyan 66 baya.

Cinikin abubuwan tunawa da waɗannan dabbobi tare ya tashi da binciken kansa. Mary Anning, 'yar wani kafinta a garin Lyme Regis da ke gaɓar tekun Ingila, da sayar wa baƙi burbushin halittu iyalinta ke cin abinci. Ita da yayanta Joseph ne suka tono wani iktiyoso a tsakanin 1811 da 1812, sannan a 1823 ta gano cikakken ƙashin filesiyoso na farko. A 1830 masanin duwatsu Henry De la Beche ya zana hoton tekun da dabbobin nan ke farautar juna, aka buga shi aka sayar don a taimaka mata da kuɗin. A 1854 kuma aka buɗe filin Crystal Palace a Landan da manyan siffofin da Benjamin Waterhouse Hawkins ya gina. Suna nan har yau, kuma iktiyoson da ke cikinsu yana kwance a bakin ruwa, bayansa sumul, jelarsa ba ta rabu biyu ba. Sai a shekarun 1890, da aka fito da wasu ƙasusuwa daga Holzmaden ta Jamus masu ɗauke da shatin fatar jiki, aka tabbatar cewa dabbar tana da fiffike a gadon baya da jela irin ta kifi. Daga wurin ne kuma aka samu uwa da 'ya'ya a cikinta, shaidar cewa haihuwa take yi a ruwa, ba ta fitowa tudu yin ƙwai.

Irin wannan gyara ya yi ta faruwa, kuma kayan wasa sun adana shi. A 1868 masanin Amurka Edward Drinker Cope ya bayyana Elasmosaurus, wani nau'in filesiyoso, ya ɗora kan dabbar a ƙarshen jela saboda tsananin tsawon wuyan, mai gaɓoɓi sama da saba'in, har Joseph Leidy ya nuna kuskuren a 1870. Bayan an gyara wannan, masu zane da masu ƙira sun daɗe suna lanƙwasa wuyan sama, alhali yanayin gaɓoɓin ya nuna ba zai lanƙwasu haka ba. Mosaso ma an daɗe ana yi masa tuntu a gadon baya, saboda an ɗauki guringuntsin maƙogwaro a matsayin ƙaya. An janye wannan ra'ayi tun farkon ƙarni na 20, amma ya ci gaba da fitowa a kayan wasa shekaru da dama. A 2013 wani ƙashi daga Jodan ya nuna shatin jelar mosaso mai reshe biyu, kuma siffofin da kamfanoni irin su CollectA da PNSO suka fitar daga baya sun bi wannan. Mai tsohuwar siffar kamfanin Invicta, wadda aka fara yi wa Gidan Tarihin Halittu na Landan a shekarun 1970, da ta jerin Carnegie da kamfanin Safari ya daina yi a 2015, da kuma ta bana, yana iya nuna wa ɗalibi sauyin da ido da hannu.

Masu suka suna da hujja idan suka ce kayan wasa na yaɗa ƙarya. Shirin BBC na 1999, Walking with Dinosaurs, ya nuna Liopleurodon, wani nau'in filesiyoso, mai tsawon mita 25, alhali ƙasusuwan da aka samu na nuna mita shida zuwa bakwai ne. Fim ɗin Jurassic World na 2015 ya kumbura mosaso fiye da kima, kamfanonin kayan wasa kuma suka bi kasuwa. Sai dai maganin wannan shi ne ainihin abin da masu tarawa na gaske ke yi: suna duba ma'aunin siffa, da shekarar ƙira, da ko wani masani ya sa ido a aikin. Siffar da ta yi kuskure tana da amfani muddin an san kuskurenta, kamar tsohuwar taswira da ke nuna inda sanin mutanen da ya tsaya.

Akwai kuma masu cewa in dai son abin ake yi, gara a sayi ƙashin gaske. Nan ne aka fi yin ɓarna. Daga ma'adinan fosfat na yankin Khouribga a Maroko haƙoran mosaso na fita kasuwannin duniya da yawa, kuma sananne ne cewa ana dasa haƙoran gaske a cikin muƙamuƙin jabu don a ƙara farashi. Ƙashin da ya shiga ɗakin wani attajiri ba tare da an rubuta inda aka tono shi ba ya yi asarar rabin amfaninsa ga bincike. Siffar roba ba ta raba masana da komai. Wanda kuma yake da damuwa ta addini game da ajiye siffar mai rai, to ya tuntuɓi malamansa, kuma ƙofar ba ta rufe ba: akwai littattafai da kwafin haƙora da kan sarki, da kwabban tunawa da Mary Anning da Birtaniya ta buga a 2021.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A ƙarshen zamanin dinoso wani teku ya ratsa Sahara, ya rufe yankin Sakkwato da Tawa na yau. A 1930 masanin Birtaniya William Swinton ya bayyana ƙasusuwan wani mosaso daga ƙasar Sakkwato, sannan a 1972 masanan Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka gane cewa nau'i ne na daban, suka sa masa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. A Nijar ma an samu wasu nau'o'in mosaso, Igdamanosaurus da Pluridens. Yaron Landan na iya riƙe siffar dabbar da aka tono a gaɓar ƙasarsu, amma yawancin yaran Goronyo ba su taɓa jin cewa garinsu ya taɓa zama ƙarƙashin teku ba. Muna da maƙera da magina da masassaƙa, muna da sassan nazarin duwatsu a jami'o'i. Ya kamata su haɗa hannu da gidajen tarihi su samar da siffofi da zane-zanen waɗannan dabbobi bisa ingantaccen ma'auni, da bayani a Hausa, a kai su makarantu.