Haɗa Mota a Gida: Abin da na Gani a Barkin Sale

Duk wanda ya taso a Arewa ya san manyan motocin nan masu bodin katako. Kamfani kan sayar da kan mota da inji da ƙashin bayanta, wato shasi, sannan kafintoci su ɗora mata jiki. To, wannan dabara ita ce tushen abin da wannan maƙala za ta yi bayani a kai, wato yadda mutum kan sami tsohuwar mota, ya kwashe kayanta, ya gina wata sabuwa a kansu, har hukuma ta yarda ta hau titi. Na ga an yi wannan aiki da idona a ƙofar gidanmu da ke Barkin Sale a Minna, inda wani kawuna bakanike ya shafe kusan shekara biyu yana fama da shi, ni kuwa ina miƙa masa sifana.

A ƙasashen Turai da Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta. A shekarar 1964 wani Ba'amurke mai suna Bruce Meyers ya fito da wata 'yar mota mai jikin faiba, Meyers Manx, wadda daga baya aka riƙa ɗora ta a kan shasin Volkswagen Beetle bayan an rage tsawonsa da kimanin inci 14. A Ingila kuma Ron Champion ya wallafa littafi a 1996 yana koya wa mutane haɗa ƙaramar motar tsere da kayan tsohuwar Ford Escort.

Kawu ma Beetle ya zaɓa, wadda muke kira kunkuru, kuma yana da dalili. An taɓa harhaɗa ta a Legas tun daga 1975, don haka har yanzu akan tsinci gawarta a garejoji. Babban abin shi ne jikinta ɗaure yake da noti a kan shasi. Idan aka kwance notunan aka ɗage jikin, inji da giya da sitiyari da tayoyi suna nan a tsaye. Injin a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu ruwansa da lagireto. Motocin zamani ba haka suke ba, jikinsu shi ne ƙashinsu. Wanda ya sare rufin irin waɗannan don ya mayar da su a-kori-kura ya karya masu ƙugu, ko da fenti ya rufe aibin.

Yanke shasi shi ne wuri mafi haɗari. Idan aka rage tsawonsa, dole a rage sandar giya da wayar kuloci da ta totur da ta birkin hannu da bututun mai da na birki, kowanne daidai gwargwado. Kuskuren rabin inci a wajen walda ya isa ya sa mota ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Kawu ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa ya fi sau goma kafin ya bar mai walda ya kunna wuta. Haka kuma, da yake sabon jikin bai kai tsohon nauyi ba, sai tayoyin gaba suka riƙa kullewa da zarar an taka birki, har sai da aka rage iskarsu aka kuma bar tankin mai da safaya a gaba. Ya kafa mata baƙin ƙarfe mai lanƙwasa a saman kujeru saboda tsaron kifewa. Wannan ƙarfe ba ado ba ne, kodayake yaran unguwa shi suka fi yabawa.

Sai dai masu iya magana kan ce, ba a nan gizo ke saƙa ba. Gawar da kawu ya fara saye daga hannun 'yan gwangwan ya same ta, da araha, babu ko takarda ɗaya. Da aka gama aiki ya je neman lamba, tambayar farko da aka yi masa ita ce: ina shaidar mallaka, ina lambar shasi? A Beetle wannan lamba tana ƙarƙashin kujerar baya, a kan doron shasi, tasa kuwa tsatsa ta cinye rabinta. A idon hukuma wannan lamba ita ce sunan mota. In babu ita, babu mai iya rantsuwa cewa ba ta sata ba ce. Dole ya nemo wata kunkurun mai cikakkun takardu a Kaduna, ya sake yanka, ya sake walda, ya mayar da jikin a kanta. Wata bakwai da kuɗin da ya kusa ninka na farko suka tafi a nan.

Bayan wannan ne jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, suka gwada birki da fitilu da sigina da hon da madubai da waifa da bel, kafin su ba da takardar shaidar cewa ta cancanci hawa titi. An rubuta canjin launi da na siffar jiki a takardunta. Sai inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, sannan lamba, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988, ke kula da tsarinta. A Ingila akwai jarrabawa ta musamman ga motocin da aka haɗa a gida, wadda ake kira IVA tun 2009, inda har kaifin gefen ƙarfe ake dubawa. A ganina irin wannan ce ya kamata injiniyoyinmu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna su matsa a samar, domin duba fitila da hon ba ya nuna ingancin walda.

Ranar da motar ta fara fita, daga Barkin Sale muka nufi shataletalen Kpakungu, 'yan acaba na biye da mu suna ihu. Ba mu yi nisa ba aka tsayar da mu. Jami'in ya zagaya ta sau biyu, ya ɗaga kujera ya karanta lambar shasi, ya gwada da ta takarda, sannan ya tambayi kawu nawa zai haɗa masa irinta.