Man Tsiro a Injin Gazuwal: Hattara da Lokacin Ɗari

Jama'ar Dungas da Magariya, kowa ya san halin man gyaɗa idan ɗari ya shigo. Da safe uwargida takan tarar da shi ya yi kauri a kwalba, sai ta ajiye shi a rana kafin ya zuba. Haka yake yi a cikin mota, da injin niƙa, da injin ban ruwa.

Da daɗewa aka san injin gazuwal yana aiki da man tsiro. A shekarar 1900, a babban bajekolin birnin Paris na ƙasar Faransa, an tada inji da man gyaɗa. A 2007 kuma, a garin Garalo na ƙasar Mali, an kafa injinan lantarki masu aiki da man binidazugu.

Man nan iri biyu ne. Akwai ɗanyen mai, yadda aka tatse shi. Akwai kuma biyodizal, wato man da aka haɗa da metanol da sodar masu sabulu, aka raba shi da kaurinsa. Biyodizal ya fi tsinkewa, amma shi ma sanyi yana kama shi kafin ya kama gazuwal. Wanda aka yi da manja ya fi saurin daskarewa.

A watan Disamba da Janairu, ma'aunin zafi a ƙasar Damagaram yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba. Mai ya yi kauri, matacin mai ya toshe, inji ya ƙi tashi. Idan aka matsa masa, famfon mai yana iya lalacewa, gyaransa kuwa da tsada.

Ga abin da mai inji zai yi:

1. Ya rage man tsiro a lokacin ɗari. A lita 10, biyodizal kada ya wuce lita 2, sauran gazuwal.
2. Mai aiki da ɗanyen mai ya sa makanike ya ɗaura tanki na biyu. A tashi da gazuwal. Idan inji ya yi zafi a juya zuwa man tsiro. Kafin a kashe a koma gazuwal, don ya wanke hanya.
3. A bi da tiyon mai kusa da tiyon ruwan zafi na inji, don man ya ɗumama.
4. A canza tsofaffin tiyon roba, domin biyodizal yana cin su.
5. A ajiye sabon mataci a kusa. Biyodizal yana kwaso tsohuwar dauɗar tanki, sai mataci ya cika da wuri.
6. Kada a hura wuta ƙarƙashin tanki.

Sai maganar lafiya. Ƴaƴan binidazugu guba ne. Yaro ya ci kaɗan, sai amai da zawo. A kai shi likita nan take. Mansa ba na miya ba ne, tunkuzarsa ba ta dabbobi ba ce. Kwalbar da ya shiga kada ta koma madafa. Metanol kuwa yana makantarwa, yana kisa, soda tana ƙona fata. Haɗa biyodizal aikin wanda ya koya ne.

Manomi ya yi lissafi tukuna. Gyaɗa abinci ce, kuma kuɗi ce a kasuwa. Binidazugu a shingen gona ya fi dacewa da inji, ga shi yana tsare amfani daga dabbobi.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa mai injin niƙan garinsu kafin ɗari ya kama.