Tiya da Gwangwani: Yarda da Abinci a Dakoro

Dakoro, a arewacin jihar Maraɗi, tana kan iyakar noma da kiwo. Kudancinta gonakin gero ne da wake, daga kwarin Tarka zuwa arewa kuma ƙasar makiyaya ce, wadda wata doka ta 1961 ta keɓe musu. Shi ya sa yawancin abin da ke shiga tukunya a garin ba ya yin doguwar tafiya: hatsi daga ƙauyuka, nono da man shanu da cuku daga Fulani da Buzaye.

A irin wannan ciniki sanayya ce jari. Uwar gida ta san Bafulatanar da ke kawo mata nono, ta san rugarsu; in an tsarma ruwa, tun a ludayi za ta gane, gobe kuma ta koma wata ƙwaryar. Mai sayen gero yakan tura hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya hure ƙaiƙayi, ya ciji ƙwaya ya ji ko na bana ne, kafin a fara cika tiya.

Kanti ba haka yake ba. Shinkafar waje da taliya da tumatirin gwangwani, mai kantin kansa bai san wanda ya yi su ba. Shaidarsu rubutu ne: ranar lalacewa, da lambar hukumar NAFDAC in kayan Najeriya ne. To, rubutun da Turanci yake ko Faransanci, kuma da zarar an farke buhun madarar gari an ƙulla ta a leda, shaidar ta tafi. Madarar da ake shigowa da ita Afirka ta Yamma kuwa, da yawanta an cire mata mai, an maye shi da na kwakwar manja.

Sai dai na gida ma ido ba ya ganin komai. Wake ne babban misali. Saboda ƙwari, wasu kan zuba masa magani a buhu, ya fito sumul, ba huda ko ɗaya, har wasu masu saye sun fi natsuwa da wanda ƙwaro ya ɗan taɓa. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007 da hannun masu binciken noma na cibiyar INRAN ta Maraɗi, yana kashe ƙwarin ta hanyar toshe musu iska, ba da magani ba. Nonon da ba a tafasa ba kuma yana iya ɗauke da tarin fukan shanu, ko da daga hannun amintacciya ya fito.