Tsofaffin Havana da Waƙoƙin da Ke Cikin Kansu

A watan Maris na shekarar 1996, Nick Gold, mai kamfanin faya-fayai na World Circuit da ke Landan, ya sauka a Havana, babban birnin Kyuba, da shirinsa a hannu. So yake ya haɗa makaɗan Mali da na Kyuba a ɗaki ɗaya, domin tun shekarun 1960 kiɗan Kyuba ya kama gidajen rawa na Bamako da Dakar da Konakiri, shi kuma kiɗan asalinsa yana da jinin Afirka ta hanyar bayin da aka kwasa zuwa can. Ya gayyato Ry Cooder, ɗan Amurka mai kaɗa jita, wanda bai daɗe da yin faifai tare da Ali Farka Touré ba. An kama sutudiyon EGREM, an shirya komai, sai labari ya zo cewa Djelimady Tounkara da Bassekou Kouyaté, baƙin da ake jira daga Mali, ba su sami biza ba.

Ga ɗaki, ga na'urori, babu baƙi. Nan ne Juan de Marcos González ya yi rana. Shi ɗan ƙasa ne, shugaban ƙungiyar Sierra Maestra, kuma dama yana cikin wani aiki nasa na tattaro tsofaffin makaɗan da suka yi tashe a shekarun 1940 da 1950. Ya san gidan kowa, ya san wanda ya rasu da wanda ke raye. Aka ce to, a yi da waɗanda ke kusa.

Lokacin kuwa Kyuba tana cikin matsi. Tarayyar Sobiyat da ke tallafa mata ta rushe a 1991, takunkumin Amurka yana nan daram, abinci da man fetur sun yi wuya. Matasa sun koma ga sabbin kaɗe-kaɗe, tsohon salon da ake kira son da bolero ya zama na kakanni.

Rubén González, mai kaɗa fiyano, yana da shekara 76 a duniya. An haife shi a Santa Clara a 1919, ya fara karatun likita ya bari saboda kiɗa, ya yi aiki da Arsenio Rodríguez a shekarun 1940, sannan ya daɗe tare da Enrique Jorrín, wanda ya ƙirƙiro cha-cha-cha. Ya yi ritaya, amosanin gaɓɓai ya kama masa yatsu, gara kuma ta cinye fiyanon da ke gidansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a gaban wannan abin kiɗa ya wayi gari ba shi da inda zai ɗora hannu. Waɗanda suka yi aikin sun ba da labarin cewa kowace safiya a bakin ƙofa ake tarar da shi yana jiran a buɗe, da an buɗe sai ya nufi fiyano, ba ya tashi sai an tashe shi. Duk cikin labarin nan wannan ne ya fi taɓa ni. Dattijon bai san faifan zai fita ko ba zai fita ba, kewar abinsa ce ke fito da shi da sassafe.

Akwai kuma Compay Segundo, wanda aka haifa a 1907, yana dab da shekara 90, da hularsa da sigarinsa. Ya yi suna tun zamanin ƙungiyar Los Compadres, daga baya ya shafe shekaru yana naɗa sigari a masana'anta. Shi ya ƙirƙiri wata jita mai tsirkiya 7, shi ne kuma mai waƙar “Chan Chan” da ta buɗe faifan. Omara Portuondo, mace ɗaya tilo a cikinsu, tana wani aikinta ne a ginin sutudiyon aka gayyato ta, suka rera “Veinte Años” ita da Compay. Eliades Ochoa ya taso daga Santiago da jitarsa.

Ba a zo da rubutaccen jerin waƙoƙi an ɗora wa mutanen nan ba. Yawancin abin da aka ɗauka daga ƙwaƙwalwarsu ya fito. Wani ya taɓa tsirkiya, wani ya gane waƙar ya karɓa, wani ya tuna wanda ya fara rera ta da gidan rawar da aka saba jinta. Wanda ya taɓa zama da dattawanmu ana hirar Shata ko Ɗanƙwairo, wannan ya jawo baiti wancan ya gyara masa, ya san irin wannan zama. Sunan faifan ma haka ya samu. Cikin abin da aka kaɗa akwai wani tsohon kiɗa da ya fito daga gidan su Cachaíto López, mai kaɗa babbar jitar tsaye, wanda aka yi don wani kulob na baƙaƙen fata da ke unguwar Buenavista a zamanin da ake ware wuraren shaƙatawa bisa launin fata. An rufe kulob ɗin bayan juyin juya halin 1959. Sunansa aka ara, Buena Vista Social Club.

Ana cikin aiki sai aka nemi mai taushin murya da zai rera bolero. Juan de Marcos ya fita ya nufi gidan Ibrahim Ferrer. Shi wannan bawan Allah an haife shi a 1927 kusa da Santiago, ya zama maraya yana ɗan shekara 12, ya yi shekaru da dama yana waƙa a ƙungiyoyin wasu, galibi a matsayin ɗan amshi. Burinsa ya rera bolero, amma shugabanninsa sun sha gaya masa muryarsa ba ta dace ba. A 1991 ya haƙura ya ajiye waƙa, yana ɗan karɓar fansho, yana haɗawa da shushaina don ya ciyar da gida. Da farko ya ce shi ya gama da waƙa. Da aka matsa masa ya biyo, ya shiga ɗakin ya tarar da fuskokin da ya sani tun yana saurayi. Aka tayar masa da “Candela”, ya karɓa. Daga baya ya rera “Dos Gardenias”, irin waƙar da aka hana shi shekara da shekaru.

Cikin kwana 6 aka kammala. Da ɗan lokaci ya rage, aka ɗauki wa Rubén nasa faifan shi kaɗai cikin kwana 2.

Faifan ya fito a 1997, ya ci lambar Grammy a 1998, an sayar da fiye da kwafi miliyan 8. Tsofaffin suka yi wasa a Amsterdam a watan Afrilun 1998, sannan a zauren Carnegie da ke New York ranar 1 ga Yuli. Wim Wenders, ɗan Jamus, ya yi fim a kansu a 1999. A cikinsa akwai inda Compay yake yawo cikin mota a unguwar Buenavista yana tambayar ina kulob ɗin yake, tsofaffin unguwa suka taru, kowa yana nuna nasa wajen, kowa yana ba da labarin rawar da ya taɓa yi a can. A shekarar 2000 aka ba Ibrahim Ferrer lambar Latin Grammy ta sabon mawaƙi mafi fice, yana da shekara 73. Shi kuwa Cooder, gwamnatin ƙasarsa tarar dala 25,000 ta ci shi saboda karya takunkumi, kuma a 2004 Amurka ta hana Ibrahim bizar zuwa bikin Grammy, inda faifansa ya yi nasara ba ya nan.

Akwai abin da nake ƙi a yadda ake yawan ba da labarin nan. Sai a nuna kamar Turawa ne suka tono matattu. Ba haka ba ne. Omara da Eliades suna kan aikinsu a lokacin, Compay ma ya riga ya fara dawowa, har yana wasa a Sifen. Gold da Cooder sun kawo kuɗi da kunne da hanyar kasuwa, wannan hakkinsu ne a faɗa. Amma wanda ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa Juan de Marcos ne, waƙoƙin kuma suna ajiye a kan mutanen da suka shafe shekara 50 suna sanin juna. Abin da suka rasa shi ne wanda zai tara su wuri ɗaya ya saurara.

Jin daɗin bai yi tsawo ba. Compay ya rasu a watan Yulin 2003 yana da shekara 95, Rubén ya bi shi a Disambar shekarar, Ibrahim kuma a watan Agustan 2005, jim kaɗan bayan dawowarsa daga wasanni a Turai. Shirin farko na Nick Gold bai mutu ba. An haɗa Djelimady Tounkara da Bassekou Kouyaté da Toumani Diabaté da Eliades Ochoa a Madrid, faifansu mai suna AfroCubism ya fito a 2010, shekara 14 bayan bizar da ba ta samu ba. Babu ko ɗaya daga cikin dattawan nan uku da ya rayu ya ji shi.