Tambayar Masu Binciken Lafiya Kan Ƙwayar Hana Barci

Ƴan uwa fatake da dillalai, idan ma'aikatan lafiya suka shigo kara suna neman manya don bincike, sukan tambaya: ka taɓa shan ƙwayar hana barci ba da izinin likita ba? Wasunmu kan zaci tarkon hukuma ne, sai su ce a'a. To, ba haka ba ne.

Takardar da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tsara, wato ASSIST, tambayoyi 8 gare ta, galibinsu kan wata 3 da suka wuce. Goro da shayi ba su cikin lissafi. Amfetamin da danginta na ciki, irin wadda direba kan haɗiya don ya kai shanu daga Maraɗi har Legas bai runtsa ba. Ƙwayar nan tana sa jini ya hau, zuciya ta riƙa gudu. In mutum ya ɓoye, sai a ɗora laifin hawan jininsa kan wani abu daban, lissafin binciken ya karkace. Akan gwada fitsari, amma shi na ƴan kwanaki kaɗai yake nunawa, shi ya sa suke neman jin gaskiya daga bakinmu.

Kafin mu amsa, mu tambaya wa zai ga takardar. Wanda kuma bai son shiga, babu tilas.