FARFAƊIYAR YARA: YADDA LIKITOCI KE GANO TUSHENTA

Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Ba aikin iskoki ba ce, kuma ba a ɗaukar ta daga miyau ko numfashin mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 50 ne ke fama da ita, kuma kusan 7 cikin 10 suna iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. To, sauran fa? Akwai yaran da aka gwada wa magani iri biyu, iri uku, faɗuwa ba ta daina ba. Waɗannan su ne ake nema wa tushen ciwo, don a ga ko aikin fiɗa zai raba su da shi.

Ƙwaƙwalwa da ƴar wutar lantarki take aiki. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wahalar haihuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, duk suna iya barin tabo. Wani yaro kuma tun yana ciki wani ɗan wuri bai ginu daidai ba. Daga irin wannan wuri wutar kan ɓarke, ta watsu kamar gobarar daji.

Awon farko shi ne EEG. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara yin shi ga mutum cikin 1924. Akan manna ƴan wayoyi bisa fatar kai, ba zafi ba ciwo, na'ura ta zana motsin wutar. Wannan yakan nuna sashen da ciwo ke tasowa, amma ba ya nuna kamannin wurin.

Cikin 1971 aka fara ɗaukar hoton kai da na'urar sikana a Ingila, aikin Godfrey Hounsfield. Tana ganin ƙari da zubar jini, amma ƙananan tabo sukan kuɓuce mata. Hoton IRM, wanda ke aiki da maganaɗisu, ya fi ta ido: yana iya nuna lahani da bai wuce ƙwayar gujiya ba. Sai dai tilas yaro ya kwanta ba motsi na tsawon lokaci, shi ya sa akan ba ƙanana maganin barci.

In IRM bai nuna kome ba, akwai hoton PET. Ana sa wa yaro wani sukari mai alama cikin jini. Tsakanin faɗuwa da faɗuwa, wurin da ke da lahani yakan ci sukari kaɗan, sai hoto ya tona shi. Cikin 1990, likita Harry Chugani a Amurka ya nuna wannan hanya na gano tushen ciwo ga wasu jarirai.

Hoto guda ba ya yanke hukunci. Kamar gaban alƙali, sai shaidu sun dace. In suka saɓa, akan shigar da siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa a jira faɗuwa ta zo, dabarar da Jean Talairach da Jean Bancaud suka kafa a asibitin Sainte-Anne na Paris. Tsantseni ya zama dole, domin wurin da za a cire yana iya maƙwabtaka da wurin magana ko motsin hannu. Jinkiri kuma shi ma hasara ne, gama faɗuwa mai yawa tana danne girman hankali da karatun yaro.

Shaida ta farko kuwa hannun uwaye take. Wane hannu ne ya fara karkarwa? Ina idanu suka juya? Minti nawa abin ya yi? Wanda ke da salula ya ɗauki hoton faɗuwar ya nuna wa likita. A kwantar da yaro bisa gefensa, nesa da wuta da ruwa, kada a sa masa kome a baka. Bayan haka a kai shi asibiti da wuri, kuma kada a tsai da magani sai da izinin likita.