Me ke sa tsofaffin motocin a-kori-kura ƙin tashi?

A ƙauyukan da ke kewaye da Horo Birni, cikin ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato a arewa maso yammacin Najeriya, tsofaffin motocin a-kori-kura na daga cikin abin da manoma da 'yan kasuwa ke dogaro da shi wajen fitar da gero da wake da albasa zuwa babban titin da ya ratsa Shagari da Bodinga ya shiga birnin Sakkwato.

Idan irin wannan mota ta ƙi tashi da asubahin ranar kasuwa, asarar ba ta tsaya kan direba ba. Mai kaya zai rasa cinikin ranar, kayan gwari kamar tumatir da tattasai su soma lalacewa, kuma a wasu lokutan motar ce ake jira ta kai mara lafiya ko mai naƙuda asibiti.

Daga cikin abubuwan da ke haddasa wannan matsala akwai guda uku: ƙura, da zafi, da gurɓataccen mai. Dukkansu kuwa wuri guda suke yi wa illa, wato ma'aunin haɗin fetur da iska da inji ke ƙonawa.

Motar da ta daɗe tana aiki

Da dama daga cikin waɗannan motoci ƙirar Peugeot 504 ne, waɗanda jama'a ke kira Fijo, sai kuma tsofaffin Toyota da Nissan.

An fara ƙera Peugeot 504 a Faransa a shekarar 1968. Kamfanin haɗa motoci na PAN da ke Kaduna, wanda ya soma aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Turai.

Injin waɗannan motoci na aiki ne da kafireto. Tun farkon shekarun 1990 ƙasashen Turai da Amurka suka koma ga tsarin da kwamfuta ke auna man da ke shiga inji, saboda dokokin rage hayaƙi.

Amma a karkara kafireto na da farin jini har yanzu, domin bakanike na iya kwance shi a gindin bishiya da sufana da sukudireba, ya wanke ya mayar. Sai dai kuma wannan sauƙin ne ke sa ana yawan taɓa shi ko da ba shi ne ke da laifi ba.

Yadda haɗin mai da iska yake

Injin fetur na buƙatar abubuwa huɗu kafin ya tashi: mai, da iska, da tartsatsin wuta daga fulogi, da kuma matsi a cikin silinda. Idan ɗaya ya gaza, ko ya zo ba a kan lokacinsa ba, motar ba za ta tashi ba.

Aikin kafireto shi ne gauraya man da iskar bisa ƙa'ida. Masana kimiyya sun auna cewa kilo 1 na fetur na buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska domin ya ƙone ƙurmus. Wato kowace lita guda ta fetur na cin iskar da ta kai kusan lita 9,000.

Wannan adadi shi ke nuna dalilin da ya sa ƙura ke da haɗari. Duk wannan iska sai ta bi ta cikin matatar iska kafin ta isa inji, kuma a lokacin hunturu, kan hanyar da ba ta da kwalta, matatar kan toshe cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Idan mai ya yi yawa

Da zarar matatar ta toshe, iska za ta ragu, mai ya rinjaye ta. Alamun haka a bayyane suke: baƙin hayaƙi daga salansa, da warin ɗanyen fetur, da shan mai fiye da kima. Idan aka zaro fulogi za a tarar ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Akwai wasu dalilan kuma. A cikin kafireto akwai wani ɗan ƙoƙo da mai ke taruwa, da wani abu mai yawo a saman man wanda ke tura allura ta rufe ƙofa idan ƙoƙon ya cika. Idan abin nan ya huje ya nutse, ko tsakuwa ta maƙale a bakin allurar, sai mai ya yi ta kwarara har ya jiƙa fulogi. Fulogin da ya jiƙe kuwa ba ya ba da wuta.

A irin wannan hali direbobi da yawa kan yi ta taka totur suna sakewa, abin da ke ƙara tsiyaya mai a cikin inji. Abin da ya dace shi ne a danne totur har ƙasa a riƙe shi, a murɗa makulli na daƙiƙoƙi kamar 10, domin iska ta shiga ta share man da ya taru. Idan hakan bai yi ba, sai a zaro fulogogin a shanya su.

Launin hayaƙi ma na da nasa bayanin. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, galibi saboda ringi ya cinye. Farin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa na nuna ruwan lagireto na shiga silinda. Duka biyun ba su da alaƙa da kafireto.

Idan mai ya yi kaɗan

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɓarna, ko da yake ba ta cika nuna kanta da wuri ba.

Motar kan rasa ƙarfi a hawa, ta riƙa yin atishawa ta bakin kafireto, inji ya riƙa zafi, fulogi kuma ya yi fari fat. Dalilan sun haɗa da toshewar ƙananan ramukan da mai ke fita ta cikinsu, da tsagewar tiyo ko gasket da ke barin iska ta saci hanya, da kuma raunin famfon mai.

Wani lokacin ma da gangan ake jawo ta. Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga kimanin naira 190 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Hakan ya sa masu motoci da dama ke zuwa wurin kanikawa a rage musu shan mai.

To sai dai sukurin da aka fi murɗawa a jikin kafireto yana daidaita mai ne a lokacin da mota ke tsaye inji na aiki. Ba shi ke iko da man da ake sha a kan hanya ba. Idan kuma aka matse ramin da ke ba da mai a lokacin gudu, inji zai riƙa ƙuna da zafin da ya wuce ƙa'ida, wanda ke iya ƙona bawul ko huda fistin. Kuɗin sake inji kuwa ya ninka abin da aka yi tattali sau da yawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Haka nan tsokalar ramukan da waya yayin wanki na faɗaɗa su, har motar ta koma shan mai. Iska mai ƙarfi ya kamata a hura musu.

Sanyin asuba da zafin rana

Yanayin Sakkwato na gwada kafireto ta fuska biyu.

A watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba kan hana fetur zama tururi da sauri, don haka inji na buƙatar ƙarin mai kafin ya tashi. Aikin cok ke nan, wanda ke rage iska na ɗan lokaci. A motoci da yawa wayar cok ɗin ta tsinke an bar ta haka, shi ya sa kullum sai da turi. Idan kuma ya maƙale a rufe, motar za ta wuni tana baƙin hayaƙi.

Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, matsalar kan juya. Motar da ta yi tafiya lafiya, aka kashe ta na 'yan mintoci don sauke kaya, sai ta ƙi tashi. Zafin inji ne ke tafasa man da ke cikin bututu ya zama tururi, famfon mai kuwa ruwa yake iya turawa. Buɗe bonet a jira, ko ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon, kan magance ta. Idan abin ya yawaita, sai a duba ko bututun ya kusanci salansa.

Ingancin man da kansa

Inda gidan mai ke da nisa, direbobi kan sayi mai a galan daga 'yan bumburutu. Ko da babu algus, jarkar da ta sha rana da ƙura kan tara ruwa da laka.

Tsadar mai ta kuma sa ana zuba lita kaɗan kaɗan. Tankin da ba ya cika yakan tara raɓa a ciki ya yi tsatsa, kuma famfo na zuƙo dattin da ya kwanta a ƙasa.

Gwajin ruwa a cikin mai ba shi da wuya. A zuba man a kwalba mai haske a ajiye na 'yan mintoci. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa a ga layin da ya raba su.

Ba a bakin titi kawai ake samun gurɓataccen mai ba. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙa'ida daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam. Janye man daga kasuwa ya haddasa dogayen layuka na makonni, kuma masu motoci da dama sun koka da lalacewar injinansu. Wannan sinadari na jawo ruwa, yana kuma cin roba, kamar fatar da ke cikin famfon mai na tsofaffin motoci.

Ta ina za a fara bincike?

Ƙa'idar da ƙwararrun kanikawa ke bi ita ce a fara da abu mai sauƙi da araha kafin a kai ga mai tsada.

Da farko a saurari kik. Idan an murɗa makulli aka ji ƙas kawai, ko inji na juyawa da ƙyar, matsalar ta batir ce ko kan batir da ya yi gishiri ko ya saki. Batir mai cikakken caji na nuna kimanin bolt 12.6.

Idan inji na juyawa da kyau amma bai kama ba, sai a duba wuta. A zare wayar fulogi guda, a riƙe ta da filaya mai hannun roba kusa da ƙarfen inji, wani ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara na nuna lafiya. Idan ja ne mai rauni, ko babu shi sam, sai a koma kan kwayil da kwandensa da kwantak ɗin da ke cikin distirbita. A injin 504 tazarar bakin kwantak kimanin milimita 0.4 ce, ta fulogi kuma 0.6. Yawancin abin da ake ɗora wa kafireto a nan yake.

Bayan wuta sai mai. A cire matatar iska, a leƙa bakin kafireto inji na kashe, a ja totur da hannu. Idan an ga mai ya yi tsartuwa, to ya iso. Idan babu, sai a bi hanyarsa a koma baya: matatar mai, famfo, bututu, har zuwa tanki. Murfin tankin ma na da ɗan ramin shan iska, wanda idan ya toshe mai ba zai sauko ba. Alamarsa ita ce jin huci idan an buɗe murfin.

Sai an tabbatar akwai wuta akwai mai sannan ake zancen taimin da matsin inji, aikin da ke buƙatar bakanike da na'urar awo.

Wannan bayani bai shafi motoci masu amfani da man gas ba, domin su ba su da fulogin tartsatsi ko kafireto.

Dabarun da ke jawo gobara

Akwai wasu dabarun gaggawa da suka zama ruwan dare a kan hanya, amma suna da haɗari ƙwarai.

Tsiyaya fetur a bakin kafireto yayin da ake murɗa makulli na iya tayar da wuta nan take idan inji ya yi atishawa. Zuƙo mai da baki ta tiyo na iya kai fetur cikin huhu. Ɗaure jarka a saman mota a jawo tiyo zuwa inji, saboda famfo ya mutu, na sanya fasinjojin da ke zaune a kan kaya cikin haɗari. A nan dai, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Cire matatar iska gaba ɗaya don mota ta samu numfashi shi ma kuskure ne, domin yashin da ke shiga zai cinye ringi da silinda cikin 'yan watanni.

Abin da ke rage yawan tsayawa a hanya ba shi da tsada: kakkaɓe matatar iska a kai a kai a lokacin hunturu, tace mai da kyalle mai tsabta kafin a zuba shi a tanki, sa ƙaramar matatar mai kafin famfo a riƙa sauya ta, da ajiye fulogi da kwantak da kwandensa na ko-ta-kwana a cikin mota.

Tun da an daina haɗa 504 a Kaduna, kayan gyaranta na asali sai ƙara wuya suke yi, abin da ke nufin kafireton da aka lalata da yawan taɓawa ba lalle ne a samu kamarsa a kasuwa ba.